Addu'ar Baba Tsoho a Wayoyin Mata

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Zaharaddini, abokina mai gyaran ordinatar, wato kwamfuta, ya zo daga Maraɗi ya haɗa mini diski biyu suka zama ɗaya. Ya ce duk bidiyon da na zuba yayyanka shi ake yi, yanki a wannan diski, yanki a wancan, su yi aiki tare. Montaj, aikin haɗa bidiyo, kuwa sai gudu! Allah ya saka masa. Ya yi wata magana kan ajiye kwafi a waje, hankalina yana kan gudun.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ɗaukar bidiyon suna a gidan Habsatu, nan Gazawa. Mahaifinta, Baba Tsoho, ya shiga cikin gida ya rungumi jikan, ya yi masa doguwar addu'a. Na juye bidiyon a ordinatar, na goge katin kamera saboda aikin gobe.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Baba Tsoho ya rasu. Allah ya ji ƙansa. Wajen gaisuwa Habsatu ta ce bidiyon nan kaɗai take so.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Kuran, wato wutar lantarki, ya dawo da ƙarfi, diski ɗaya ya ƙone. Ban damu ba, ni a tunanina rumbu biyu gare ni, ɗaya ya ƙone ɗaya na nan. Na kira Zaharaddini. Ya ce, "Rabilu, ba rabin bidiyoyinka ka rasa ba hwa. Rabin kowane guda ne." Babu wanda zai buɗu.

Ko tuwo ban iya ci ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na je na faɗa wa Habsatu, kaina a ƙasa. Na shirya wa zagi. Sai ta ce, "To mi za a yi? Ai matan da ka dinga kora daga gaban kamerarka sun ɗauka da wayoyinsu." Wallahi na kore su ranar, har da tsawa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Mako guda ana turo mini guntaye. Na wata gwaggo rabinsa yatsanta ne. Na wata daga Gidan Sori ƙafafu kawai ya ɗauka, amma muryar tas. Na jera su, inda wannan ta tsaya waccan ta ɗora. Wuri ɗaya ne babu wadda ta kama.

Na kai wa su Habsatu. Da aka zo giɓin, hoto ya yi baƙi, sai Habsatu ta ƙarasa addu'ar da bakinta, yadda ya faɗe ta. Na fita waje, wai zan duba babur. Alhamdu lillahi. Ban san yadda zan gode wa matan nan ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Sabon diski ya zo, kwafi biyu nake ajewa yanzu. Yau wani suna, wata mata ta sha gabana da wayarta. Na matsa gefe, na ba ta wuri. Dama can wurin ba haske sosai.