Rawanin Surukina da Tabaraun Motsa Hannu

Zuwa ga Shugaban Sashen Motsa Gaɓoɓi, cibiyar da muka yi jinya a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Malam Likita, daga Tanout nake rubuto maka, kuma cikin kunya.

Surukina, mahaifin matata, makiyayi ne daga kwarin Tarka. Bara ya sami shanyewar ɓarin jiki: hannun dama ya mutu, baki ya karkace. Ni na lallashe shi ya zo wurinku, don na karanta labarin tabaraun na'ura da ake ɗaura wa majinyaci, ya ga kamar yana cikin lambu, ya riƙa miƙa hannu yana tsinkar ƴaƴan itace.

Abu uku zan faɗa. Na ɗaya: aikin yana da amfani. Lokacin da ake yi masa a ƙaramin ɗaki, ina jira a waje, yatsunsa sun fara motsi har ya riƙe kofin shayi.

Na biyu: a zuwanmu na ƙarshe baƙi sun zo ganin na'urar, aka fito da shi babban zaure. Maɗaurin tabaraun ya ƙi zama kan rawani, sai ma'aikacinku ya warware rawanin duka, har amawalin da ke rufe baki, bai tambayi kowa ba. A wurin mutanensu, dattijo ba ya sauke amawali gaban suruki. Ko shayi ta ƙarƙashin amawali yake sha. Tun da na auri ƴarsa ban taɓa ganin haɓarsa ba. Ranar na gani, miyau na zuba, yana laluben iska, baƙi na ɗaukar hoto da waya. Da aka cire tabaraun, ni ya fara gani.

Na uku: ma'aikacin bai san al'adar ba. Ni na sani, amma nauyin baƙi ya ɗaure mini baki.

Tun ranar surukina ya ƙi komowa, yatsun kuwa sun soma ƙagewa.

Ina roƙo a mayar da shi ƙaramin ɗakin, a bar shi ya sassauta rawaninsa da kansa, amawali ya zauna inda yake. A sa baƙin su goge hotunan. Idan ka amince, ɗansa zai kawo shi. Ni zan tsaya a tasha.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa waraka a hannunku.

Wassalam.

Surukin majinyacinku, Tanout.