Ranar da Benuel Ya Riƙe Malinda

Lancaster, Pennsylvania
Litinin, cikin watan Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Arie,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Kawu Joas da dukan yara. Ina roƙon Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan kafin sanyin Wisconsin ya kankama. Mu a nan muna raye, mun gode masa. An yanke masara an cika rumbu, Mama ta gama dafa tuffa ta zuba a kwalabe, ƙananan sun koma makaranta. Jaririyar Yaya Elam ta fara haƙori, ta hana kowa sakat a gidansu.

Na san saƙon da aka bar miki a waya bai wuce cewa Baba ya faɗi, yana asibiti, yana da rai ba. Mama ta ce ni zan rubuto miki sauran, wai ni ne ba na ƙara wa magana gishiri. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda ji na yi zan ce ji na yi.

Kin san a bazarar nan na gama horon ceto a wurin 'yan kwana-kwana na ƙauyenmu, har aka ba ni takardar shaida. Cikin abin da aka koya mana akwai maganar ramin taki na ƙarƙashin ɗakin shanu. Idan takin ya daɗe a kwance aka zo aka dama shi, yana sakin iska mai guba. Da farko tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, amma in ta yi yawa hanci yakan daina jin ta, mutum ya ɗauka ta wuce. Tana da nauyi, ƙasa take kwanciya, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato. Malaminmu ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ba kasafai take cin mutum ɗaya ba. Na farko ya faɗi, sai wanda ya fi ƙaunarsa ya bi shi, sai na uku ya bi na biyu. Ya sa muka yi masa alkawari ba za mu shiga ba sai da tulun iska a baya, ko da uban mutum ne a kwance. Na yi alkawarin cikin sauƙi, Gwaggo, don ban taɓa zaton za a tambaye ni shi a ƙofar gidanmu ba.

A watan jiya ne, da hantsi, muka tashi kwashe ramin. Benuel Riehl, ɗan maƙwabtanmu na ƙetaren rafi, ya zo da alfadaransa yana taya mu jan tankin zuwa gona. Mun fitar da shanu, mun buɗe ƙofofi, muka tada injin dama takin. Ashe akwai wata karsana da ta laɓe a lungu ba mu gan ta ba. Ba iska a garin ranar, ganye ko motsi ba ya yi, kuma na lura da haka, na ce wa Baba mu jira, ya ce taki ba ya jiran malamai. Can sai muka ji faɗuwar karsanar. Kafin in juyo Baba ya riga ya shiga. Bai yi nisa ba. Daga inda nake ina ganin tafin takalmansa.

Na kashe injin. Ina ɗagowa sai ga Yaya Malinda ta yar da kwandon shanya ta taho a guje, ta nufi ƙofar kai tsaye. Ni ne na ce, "Benuel, riƙe ta!" Ina so ki san wannan, don mutane suna ba da labarin kamar shi ya yi ra'ayin kansa. Ya tare ta dab da bakin ƙofa, ya rungumo ta ta baya ya ja ta waje. Ni kuma na ruga rumfar waya ta bakin hanya. Da na dawo yana riƙe da ita har lokacin, sun zube a ƙasa, farar hularta ta faɗi, gashinta ya warware a gaban mazan da suka fara taruwa. Ta cije shi a wuyan hannu har jini. Tana cewa, "Sake ni, ubana ne, ba naka ba." Shi ko ya rufe ido kawai ya ƙara damƙewa. Da motar kwana-kwana ta iso na goya tulun iska, ni da wani babba a cikinmu muka shiga muka jawo Baba. Yana numfashi kaɗan-kaɗan. Karsanar ta mutu.

Yanzu Baba yana gida. Yana tafiya, yana cin abinci da kansa, ya gane kowa. Amma hannun dama ba ƙarfi, magana kuma sai ya yi ta lalube kafin kalma ta zo. Jiya ya tsaya gaban saniyar da shi ya karɓi haihuwarta ya kasa tuna sunanta, ya yi dariya, ni na fita waje. Likita ya ce ba zai iya cewa ga abin da zai dawo ba, ga wanda ba zai dawo ba. Na tambaye shi ko da an fito da shi da wuri da ya fi haka, ya ce ƙwarai. Na tambaye shi wanda ya shiga ba tulu fa, ya ce da gawa biyu za mu ɗauka, ko uku. Duka biyun ya faɗa, kuma duka biyun gaskiya ne, amma Malinda ta farkon kawai ta ji.

Sai in faɗa miki abin da watakila kin riga kin zarga. Benuel da Malinda sun daɗe suna neman juna a ɓoye yadda aka saba, kuma sun shirya a ɗaura a watan Nuwamba. Ranar nan ta tona komai. Mama ta ce a wurin ɗinkin bargo Tsohuwa Drusilla ta ce mata, "Ni dama na ce ganyen miyar nan, seleri, na lambunki ya yi wa cikin gida ɗaya yawa, Salome, wannan na girkin biki ne." Samari kuma suka sa Benuel a gaba, wai, "Ango, kai da kokawa ka fara? Gemun aure bai tsiro ba har an buga maka hatimi a hannu." Ba da mugunta suke yi ba, amma babu wanda ya yi dariya a gidanmu. Malinda ta daina yi masa magana. Yana zuwa kullum da safe ya taya ni tatsa, in ya shigo ta wannan ƙofa ta fita ta waccan. Ta ce wa Mama aure ya fita ranta, za ta zauna ta kula da Baba da shanu, tunda ita aka hana ta yi masa abin da ya kamata ranar da ya fi bukata. Na ce mata ni na ce a riƙe ta. Ta dube ni ta ce, "Kai yaro ne da takarda, abin da aka karanta maka ka faɗa. Shi ne mai hannu."

Abin da ya fi tsorata ni shi ne taron shawara. Kin san ba a cin jibin Ubangiji sai an bi kowane mai baftisma an tambaye shi ko yana zaman lafiya da Allah da 'yan'uwa, kuma mutum ɗaya in ya ce a'a ana iya ɗage jibin ga kowa, ba a kuma sanar da aure sai bayan jibi. Kin kuma san Malinda, ba ta iya cewa i da baki alhali zuciya ta ce a'a. Ta faɗa mana a fili cewa a'a za ta ce. Na kasa cin abinci, Gwaggo. Ina ganin in ta faɗi wannan kalma a gaban ikilisiya, ba za ta iya janye ta ba ko da daga baya ta so, don taurin kan gidanmu ne a jikinta, irin naki da na Baba.

Benuel ya je wurin bishop, shugaban ikilisiyarmu, ya ce yana so ya durƙusa a gaban jama'a ya nemi gafara, don ya sa ƙarfi a jikin macen da ba matarsa ba, ya bar mata tabo a damtse, ya jawo aka ga gashinta. Wannan shi ya ba ni labari. Ya ce bishop ya tambaye shi ko ya yi nadama, shi kuma ya tsaya yana ta juya hula a hannu kawai. Sai tsohon ya ce masa, "Ɗana, tafi gida. Ba a durƙusa a kan abin da ba a yi nadamarsa ba, ƙarya ce a gaban Allah." Ya dawo ya fi yadda ya tafi damuwa, don hanya ɗaya da ya sani ta gyara abu ke nan, an kuma rufe masa ita.

Duk wannan mun ɓoye wa Baba. Abin da ya sani shi ne ya faɗi an fito da shi. Shekaranjiya Asabar muna cin abincin rana, bayan addu'ar shiru, Malinda ta naɗe hannun riga za ta zuba masa miya, sai ya ga sauran shatin a damtsenta, ya koma ruwan ɗorawa. Ya nuna da cokali. Sai ya dube ni, ni kuma ban iya yi masa ƙarya ba. Na faɗa masa duka, har da cizon. Ya daɗe yana neman kalmomi, muna jira, ba mai taya shi don ba ya so. Sannan ya ce, "Malinda. Da na farka na tarar an sa ki a akwati, da ni zan ce a'a gobe. A kansa. Don ya sake ki." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Karsana na bi. Wauta ce. Kada ki ɗora wa yaron wautata." Malinda ta tashi. Ta kwashe kwanuka ta wanke, har da waɗanda ba a ci a ciki ba. Har muka hau keken doki jiya da safe ban san abin da za ta ce ba, kuma ba na jin ita ma ta sani.

A gidan su Glick aka yi sujada. Da aka sallami yara da marasa baftisma, masu wa'azi suka fara bin benci-benci. Daga gefen maza ba a jin abin da mata ke faɗi, don haka ban ji amsarta ba, kuma ba zan ƙirƙira miki ba. Abin da na gani shi ne mai wa'azin ya sunkuya a gabanta ya daɗe fiye da yadda ya daɗe a gaban kowa. Benuel ya kafa ido a ƙasa. Daga nan mai wa'azin ya wuce, ya gama layin, ya koma ya shaida wa bishop cewa dukan 'yan'uwa mata suna zaman lafiya, suna son jibi.

Bayan an ci burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa an sha gahawa, ina ɗaura wa dokinmu linzami kusa da keken Benuel, sai ga Malinda ta ratso fili, tsofaffi suna kallo. Wannan na ji da kunnena. Ta ce masa, "Na yafe, ba don bakin mutane ba. Amma ka yi mini alkawari ba za ka ƙara riƙe ni haka ba." Ya ce, "Ba zan iya ba, Malinda. In ya sake faruwa zan ƙara." Na ɗauka shi ke nan, komai ya rushe a gabana ina riƙe da linzami. Sannan ta ce, "Na sani. Da ka yi alkawarin da na fasa." Ta ce ya turo dikon, dattijon ikilisiya mai kai maganar neman aure, wurin Baba a wannan makon, amma ya sani a gonarmu za su zauna, ba ta barin Baba. Ya ce to.

Don haka ki fara shirin hanya, Gwaggo, amma ki riƙe maganar a cikinki har a sanar a sujada. Baba yana tambayar ki, kuma sunanki bai taɓa ɓace masa ba. Ki kuma sa mu a addu'a, don rabin takin yana nan a ramin, dole a kwashe shi kafin ƙasa ta daskare. Ni da Benuel za mu yi, ranar da iska ke kaɗawa sosai, bayan na ƙirga shanun da kaina a waje.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki taho da manyan tukwanenki in direban motar hayar da zai kawo ki zai yarda. Malinda tana gaisuwa, ta ce za ta rubuto da kanta in ta iya. Ki gaishe mini da Kawu Joas, da Yaya Lavina da mijinta, da Aquilla da Priscilla, da Kaka Petersheim in tana gane mutane. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu lafiya.

Ni ne ɗanki,
Sylvan Huyard