Kan Burtu na Aji Uku

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Hedimasta ya ɗora mini wasan rufe zango na 'yan aji uku: taron dabbobin dawa. Huluna tara zan haɗa. Ni Raliya da ko maɓalli ba na son ɗinkawa.

Laraba, 3 ga Yuli
Zomo ya yi sauƙi, kwali da auduga. Giwa na yi mata hanci da tsohuwar safa. Burtu ne ya gagare ni. Tsuntsun da ban taɓa gani ido da ido ba.

Baba yau ma koko kaɗai ya sha. Wata biyu ke nan da muka ɗauko shi daga ƙauyenmu na bayan Illo, tunda ƙafafun suka ƙi. Ba ya magana. Bango kawai yake kallo.

Asabar, 6 ga Yuli
Ina tsakar gida ina manna baki a jikin ƙoƙo, sai na ji murya daga ɗakinsa: "Mi ke nan?" Na ce burtu. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wagga agwagwa ta."

Na ji haushi. Daga baya na lura jimla biyu ya yi a jere.

Lahadi, 7 ga Yuli
Ashe kan burtun da maharba ke sawa ba a ka ake kifa shi ba, a goshi ake ɗaurawa, wuyan ya miƙe sama ya lanƙwaso. Na san Baba maharbi ne, amma ban taɓa tambayarsa komai ba. A makarantar kwana cewa nake manomi ne.

Na ce, to me ya sa barewa ba ta gudu? Ba ta ganin mutum a ƙarƙashi?
"Tana gani. Amma kan take dubawa. In kan ya yi kiwo, hankalinta ya kwanta."

Har yanzu ina juya wannan magana.

Talata, 9 ga Yuli
Goggo Hussaina ta kawo baƙar fata da idon zakara daga kasuwar Lolo, jajayen 'ya'yan nan da Baba ya ce a jera a maƙogwaro. Ya ƙi kwali. Ya sa aka saro masa reshe mai gwiwa, ya zauna yana feƙewa. Wuƙar ba ta yi kuskure ba.

Ya ci tuwo. Rabin malmala, amma ya ci.

Alhamis, 11 ga Yuli
Ya sa na ɗaura na durƙusa, na yafa baƙin zane. "Sannu, ɗiyata. Sari ƙasa. Tsaya. Dubi hagu kamar ba ruwanki." Gwiwoyina sun yi ciwo. Na matso har dab da kajin Goggo ba su watse ba, ɗaya ma ta zo tana tsattsaga kusa da hannuna.

Na ɗago in gaya masa, na ga yana share ido da hularsa. Na mayar da kaina ƙasa na ci gaba da kiwo.

Laraba, 17 ga Yuli
An yi wasa. Hancin giwa ya cire, iyaye suka yi ta dariya. Ɗalibata Safina ce burtu, kuma ta yi daidai yadda na koya mata. Baba na kujerar gaba, a babur aka kai shi, shi ya nema.

Hedimasta ya tambaya a lasifika wa ya sassaƙa kan nan. Ban shirya ba. Na ji bakina ya ce, "Babana, Namadi maharbi."

Juma'a, 19 ga Yuli
Hutu. Baba ya ce akwai kiran gada da ake yi da ganye a baki. Na ce ba ni da lokaci.

Na dai tsinko ganyen.