Kofin shayi ya tsallake ni

Daren Laraba, Gidan Sori

Yau a fadar shayi, Sani, wanda na koya wa karatu a lakol, wato makarantar boko, ya ce ɗan takararmu Bagobiri ne mai tsage, shi zai rama mana rainin da ƙasar nan take yi mana. Na ce, "To, rijiyar da ya yi alkawari fa?"

"Malam, mu jikokin mazan jiya ne, kai kana zancen rijiya? Kai na wa ne?"

 Da aka zuba shayi zagaye na biyu, kofi ya tsallake ni. Mai rabon kuwa Habu ne, ɗana na cikina.

Har yanzu ina jin motsinsa a zaure.  Ban sani ba, gadina yake yi ko leƙen asirina yake yi musu.