Rufaffiyar Motar Ukasha

Roni

Zuwa ga ƙanena Ukasha,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Na rubuto ne tunda ka daina ɗaukar wayata.

Na ji wai za ka sayar da a-kori-kurarka ka sayi rufaffiyar mota, irin ta masu kai burodi. Na yarda tsohuwar ta yi maka kaɗan, sif mai ƙofa shida ba ya shiga sai an kwance shi. To ka sayi babba, amma buɗaɗɗiya. Ni nake shiga gidaje ina samo maka aikin kayan ɗaki, na san abin da iyayen amare suke so. Uwa ta yi shekaru tana tattali, so take ranar jere gado da madubi su ratsa gari kowa ya gani. Kai kuma za ka kulle su a akwati kamar kayan sata?

Ka gaida maiɗakinka Halima.

Yayarka, Batulu

Kazaure

Yaya Batulu,

Bayan gaisuwa mai yawa, takardarki ta iso, kuma raina ya ɓaci.

Ke kina zaune a inuwa kina karɓar aiki, ni ne a kan hanya. Bara a hanyar Babura ruwa ya tare ni, tamfol ya yage, sif ɗin da na yi wata guda ina yi ya kumbura kamar gurasa. Uban amarya ya zage ni a gaban yarana, ban ji kin rubuta masa takarda ba. Ni kafinta ne, Yaya, ba mai tallan kaya ba. Aikina ya isa ɗaki lafiya, shi ke nan.

Na riga na saya. Doguwa ce, sif yana tsayuwa a ciki ba sai an kwantar ba.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki, Ukasha

Roni

Ukasha,

Ina gaisuwa, don haka aka koya mana, ba don na huce ba.

Ka ji abin da motarka ta jawo a Gwiwa? Ka kai kayan 'yar Hajiya Rahamatu, ka manna bayan mota da ƙofar gida, aka shige da su ba wanda ya gani. Kafin la'asar an baza a gari cewa kayan aro ne, shi ya sa aka ɓoye. Matar nan ta zo gidana tana kuka, ta ce aikin 'yarta ta biyu ta ba wani. Ƙawayenta biyu sun bi ta. Ni da na kawo ta, da wane ido zan kalle ta?

Saura bikin Muhsina. 'Yata ce tilo, kai ne kawunta, kai ka yi mata kayan da hannunka. Wallahi in a cikin akwatin nan za ka kawo su, ka riƙe abinka, ta tare da tabarma.

Batulu

Kazaure

Yaya,

Ina gaishe ki. Maganar tabarma ta yi min zafi, har Halima ta hana ni ba ki amsa a ranar.

Gadon Muhsina ban taɓa yin irinsa ba. Ni na zaɓi katakon, ban bar ko yaro ɗaya ya sa hannu ba. Ga damina ta yi tsakiya, kullum da yamma sai hadari ya haɗo ta wajen Roni. In kin ce buɗaɗɗiya, zan ɗauko haya, amma abin da ruwa ya yi kada ki kira sunana. In kin ce kada na zo, ba zan zo ba, sai dai ke za ki gaya wa yarinyar dalili.

Ina jiran amsa.

Ukasha

Roni

Ukasha, ɗan taurin kai,

Ina amsawa. Kawo su a rufe, ranar kasuwa. Kana isowa bakin kasuwa ka tsaya, tayarka ta yi faci. Na sani, sabuwa ce. Duk da haka ta yi faci, kuma ba za ta gyaru ba sai an sauke gadon da madubin a ƙasa.

Kada ka yi sauri.

Yayarka, Batulu