Memorin da Reinier Ya Aiko

Litinin, 3 ga Maris

Faifan ajiyar kwamfutata ya fara ƙas-ƙas kamar ɓera na cin katako. Duk bidiyon bukukuwan da na ɗauka a unguwar nan suna cikinsa, babu kwafi ko'ina. Na kashe shi, ba zan sake kunnawa ba sai na haɗa sabon injin ajiya. Allon cikin injin, wanda ake dasa komai a kansa, na samo daga wani ofis da aka rufe, sababbin faifai ma akwai. Memori ne ya rage, 'yar sandar ƙwaƙwalwar inji da ake soka wa allon, kuma duk garinmu Matanzas na rasa irinsa. Dole na roƙi ƙanina Reinier, ni da na rantse ba zan nemi ko allura a wurinsa ba tun da ya tsallaka zuwa Miami ya bar ni da jinyar Mama. Na tura masa hoto, na rubuta ɓaro-ɓaro: mai lamba uku, irin na injin ofis.

Alhamis, 6 ga Maris

Inna Caridad ta zo neman bidiyon bikin cikar 'yarta shekara sha biyar. Yarinyar ta tafi Sifen, kira ma sai ta ga dama. Tsohuwa so take ta riƙa kallonta tana rawa cikin rigar nan mai ruwan hoda. Na ce ta kwantar da hankalinta, nata zan fara kwashewa.

Asabar, 15 ga Maris

Saƙon Reinier ya iso a akwatin wata mata da ta zo daga Miami. A cikin safarsa ya naɗe shi, safar da ko wanki ba ta gani ba. Tir! Da tsinke na warware ta.

Mai lamba huɗu ya sayo, har da fitilu kala-kala. Tsagarsa ko kusa ba ta hau ramin allon ba. Na kira shi.

"Yaya, huɗu ai ya fi uku. Mafi tsada na zaɓar miki."

"Ka ma buɗe hoton kuwa?"

"Ke dai ba a iya miki. Ki ɗan danna da ƙarfi mana."

Haka yake tun yana yaro, kunnensa ado ne kawai.

Lahadi, 16 ga Maris

Ko sunansa ba na son ji.

Talata, 18 ga Maris

Ashe Maikel na bayan gida, mai sayar da finafinai a filashi, yana da irin nawa a cikin gwangwanin biskit. Ɗakinsa warin man alade da fitsarin kyanwa. Yana taunar soyayyar fatar alade, da yatsun nan ya ɗauko mini guda biyu, har da gawar kyankyaso manne a ɗaya. Da ya ga mai fitilun sai yawunsa ya tsinke. Wai "maƙwabciya, ƙaninki ɗan albarka ne." Muka yi musaya. Kamfaninsu ba ɗaya ba, ban so haka ba, amma lambobin sun dace. Na goge su da giyar rake, hannuna kuma wanki biyu.

Alhamis, 20 ga Maris

Inji ya tashi. Da aka kawo wuta da hantsi na haɗa tsohon faifan, ƙarar ta fi ta da muni. Na san ba zai jima ba.

Bai jima ɗin ba. Kafin in gama shan kofi ya yi shiru, shi ke nan.

Juma'a, 21 ga Maris

Inna Caridad ta zo da wainar rogo. Rabin nata ne ya fita, ya yanke tun kafin a fara rawar. Ta kalla sau biyu, ta ce, "Ba komai, 'yata, ai na ga fuskarta." Gara ma da ta zage ni.

Na ce mata faifai ne ya mutu, kuma gaskiya ne. Ban faɗa mata cewa ba nata na fara kwashewa ba. Ina neman nata ne na ci karo da wani tsohon bidiyo da na manta da shi: Reinier a tsakar gida yana aske wa Mama gashi, ya yi mata kwaɓa, tana dukansa yana dariya. Shi na fara kwashewa. Mai tsawo ne, ya cinye lokacin. Ya fita tsaf.

Hannuna ne ya zame, ina jin.

Ban tura masa ba. Bai cancanta ba. Na dai tambayi Maikel yadda ake rage nauyin bidiyo ya wuce ta waya.