Ƙasar sawun jikana tana bisa gawo

Salamu alaikum masu wannan shafi, da ku masu karantawa, manya da yara. Ina gajiya, ina ruwa? Ni ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ko ɗaya ba, murya na aiko ta salula na ce a rubuta yadda na faɗa, kar a gyara mani magana, kar kuma a sa sunana. Tsohuwa ce ni daga Filinge, Bakurfaya gaba da baya, kuma tun da nike ban taɓa kai ƙarar kaina gun kowa ba. A unguwarmu ni ake kawo ma magana in raba. Yau ga ni ina biɗar shawara gun yaran da na girmi iyayensu. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni, in ma zagin ya zama dole ku yi shi a hankali.

Jikana ɗan ƙwallo ne. Ba ni faɗin sunanshi, don wasunku sun gan shi a tele. Ni Maigida nike ce mishi, shi kuwa Amarya yake ce mani. An kawo mani shi yaye, uwarshi ta rasu kafin a maida shi, sai ya zauna nan bayana. Da balon tsumma ya fara, ya fasa mani tuluna har na daina saye, na bi shi da muciya ya fi a ƙirga. Ranar da na ji ana kiran sunanshi a rediyo na tambaye shi, to kai mi ne aikinka cikin mutanen nan, tunda ba ni jin an ce ka ci? Ya yi dariya ya ce: "Amarya, ni milye ne, ɗan tsakiya. Kin ga ke ranar biki, da kike zama gaban tukunya kina raba tuwo, wannan kwano ya yi nan, wancan ya yi can? To haka nike da balo. Ba ni ci, amma in na tashi kowa ya kwana da yunwa." Tun ran nan na gane aikinshi, na kuma yi ta faɗa ma mata a bakin rijiya har sunka gaji da ni.

Da wata ekip, ƙungiyar ƙwallo ta Yamai, ta ɗauke shi ban damu ba. Yamai mi ce? Ka shiga mota da safe, ka ci abincin rana can. Ina aika mishi fura da kilishi, shina zuwa duk sallah. Sai wata shekara ya zo ya ce an saye shi, za shi ƙasar Mosi, Burkina ke nan, daga can kuma in Allah ya yarda sai gaba, har bayan teku. Ubanshi, babban ɗana wanda ba ni kama sunanshi, ya ce to a yi mishi aure kafin shi tafi. Anka kawo yarinya daga Damana, Bazabarma, zan ce mata Hamsa ko da ba sunanta ba ne. Ana ta guɗa, ni na fi kowa ɗaga murya, ina cewa tafi Maigida, duniya ta san Kurfai ta haihu. Alhali kuwa ko kaɗan ba ni son tafiyar nan. Kun san mi ya sa? Mijina ya tafi biɗa Kumasi ina da goyo, ya ce sai kaka, har yau ban san inda kabarinshi yake ba. Autana ya tafi Abijan, shi ma sai labari. Namiji nawa za a ɗauke ma mace guda? Wane ne zai ɗauki makarata?

Ranar da za shi tafi na share ƙofar ɗakina, na watsa sabon rairayi. Ba a shiga mani da takalmi, ya sani, sai ya tuɓe ya taka. Ya durƙusa, na tofa mishi addu'a a kai, ya ce: "Amarya, kar in dawo in iske kin yi wani miji." Na ce wa zai so ni, kai ma don ba ka da ido ne. Yana fita na ɗauki ƙoƙo na kwashe ƙasar sawunshi. Ta hagu na kwasa, ita ta fi fita sosai, ita ce kuma ƙafar da yake cin abinci da ita. Ni mai salla, ni mai azumin Litinin da Alhamis, na ɗaure ƙasar nan a bakin zane na ce za ni gaisuwar rasuwa, na tafi gun wata tsohuwa 'yar bori can wajen Tabla. Na ce mata kiranye nike so, amma ba na mugunta ba, kawai duk inda yake shi tuna gida. Ta haɗa abin da za ta haɗa, ta ɗinke cikin fata ta ba ni. Ta ce: "Ki rataya shi ga icce, reshen ƙasa, cikin ganye, inda iska ke taɓawa jefi-jefi. Duk sa'ad da ya motsa, zuciyar yaron za ta motsa. Kuma ki ji da kyau, ba mai sauke shi sai mai sawun, da hannunshi. In wani ya sauke, ƙafar za ta bushe."

Nan na yi wautar da ta fi ta farko. Akwai babban gawo tsakiyar gonar mijina, wadda ɗana ke nomawa. Na je ranar kasuwa da tsakar rana, babu kowa a daji. Na dubi reshen ƙasa na ce, in na sa shi nan, gobe wani mai kiwo ya gani, jibi gari ya ɗauka cewa wance ta rataya laya a gona. Ni? Sai na ga gorar nan doguwa mai ƙugiya, wadda makiyaya ke kakkaɓo ma awaki 'ya'yan gawo da ita, an jingine ta. Na maƙala abin, na miƙa iya tsawona da tsawon gora, na saƙale shi can ƙoli cikin ganye, na koma gida ina jin na yi dabara. Lokacin rani ne. Ni da anka haifa cikin gonar hatsi, ni da na tsufa ƙarƙashin gawo, wallahi ban tuna ba cewa shi gawo da damina yake zubar da ganye. Ruwa na sauka icce ya tsaya tsirara, abin nan na can sama shi kaɗai, iskar hadari na wasa da shi dare da rana.

Damina kuwa ita ce lokacin da 'yan ƙwallo ke hutu, ake saye da sayar da su kamar raguna. Damina ta fari ya bar ƙasar Mosi, alhali suna son shi, har sun ba shi ɗan ƙyallen nan na shugaba da ake ɗaurawa a hannu. Ya koma Kwatano. Ta biyu ya yi faɗa da antirenar, mai koya musu wasa, a kan abin da bai kai a yi faɗa ba, ya yi Gana. Daga Gana sai ƙasar Larabawa, inda kowa ya ce to ya samu wurin zama, ruwa na zuba nan Filinge ya tattara kayanshi kontira, yarjejeniyar da ya sa ma hannu, ba ta ƙare ba, har anka hana shi wasa wata da watanni. Kuma ba gida yake zuwa ba! Abin da ke ci na ke nan. In ya zo, kwana kaɗan ne, shina zaune shina kaɗa ƙafa, tuwo bai huce ba ya miƙe. Na kira shi gida, na tashe shi daga ko'ina, har da gidan. Abokanshi da sunka fara tare, waɗanda ba su kai shi iya raba balo ba, sun zauna wuri guda sun yi suna sun yi gidaje. Shi kuwa yanzu manyan ekip sun fara gudun shi, wai ba shi da zama, kuma shekaru na tafiya, ƙafa ba ta jiran kowa.

Watan jiya ya kira ni. Na ce Maigida ina labari, ya ce: "Amarya, ki yi mani addu'a, abin nan ya taso. Mutanen nan ba su yi mani komi ba, ɗakina mai kyau, ana biyana, jama'a na kiran sunana. Amma in na tsaya tsakiyar fili sai in ji kamar ana jan igiya a ƙirjina. Ni ban san ina ake jana ba." Na ce Allah shi sawwaƙe. Ya ce: "Ke kaɗai ce addu'arki ke kama ni." Na rufe salula na fita tsakar gida na kama share inda na riga na share.

Da a kaina da shi abin ya tsaya, da watakila na mutu da shi a ciki. Amma an sami wadda za a ɗora ma. Tunda satin da anka yi aure shi ne satin da ya tafi, dangi sun lissafa sun ce Hamsa ce, wai farar ƙafa gare ta, tun da ta shigo gidan bai ƙara zama ba. Yarinyar nan guna take zaune da ɗiyarta, don takardun bin shi ba su taɓa samuwa ba, kafin a gama na wannan ƙasa ya bar ta. Ita ke dama mani fura, ita ke yi mani kopto, kwaɗon ganye, yadda haƙorana ke iyawa, ita ke shafa mani man zafi a gwiwa. Kullum da safe sai ta durƙusa ta ce "fofo, Kaka", sannu ke nan da Zabarmanci, ko an ɓata mata rai. Ranar Juma'ar da ta wuce ɗana ya tara ƙannenshi mata a zaure, anka kira ni. Ya ce: "Inna, mun yi haƙuri ya isa. Yaron nan zai zo hutu ƙarshen watan nan. Na rantse ba shi komawa da igiyar yarinyar nan a kanshi. In ya ƙi, ba ni ba shi." Ɗiyata ta tsakiya, mai baki kamar reza, ta ce: "Ni tun ranar da anka wanke mata lallen aure na ga tafin ƙafar, na yi shiru ne kawai." Sunka juyo gare ni, wai Inna mi kika ce, ke ce babba. Kun san mi na ce? Na ce Allah shi zaɓa abin da ya fi alheri. Ni da ba a taɓa rufe ma baki a taro ba, abin da na iya ke nan.

Kar ku ce in je in sauke shi a ɓoye. Na koma Tabla, tsohuwar ta rasu tun bara waccan, ɗiyanta sun ce su sun tuba ba su san komi ba. Na je gonar na tsaya ƙarƙashin iccen, hatsi ya kai gwiwa, na ɗaga kai na gan shi, ya yi baƙi ya ƙanƙance, shina ta lilo. Gora na nan kusa. Hannuna ya kai gare ta, sai na tuna ƙafar hagu. In na bushe mishi ita fa? Na san masu ilimi cikinku za su ce duk wannan shirka ce, fata da ƙasa ba su tada mutum, halin yaron ne ko rabonshi. Na yarda shirka ce, ina istigfari har harshena na kauri. Amma ko ƙarya ce, ai su ma farar ƙafar da sunka riƙe ƙarya ce, kuma da ita za su kori ɗiyar mutane. Abin da zai kashe tasu ƙaryar shi ne in buɗe bakina in ce ni ce. In faɗa ma ɗana, wanda ke limanci a masallacin unguwa in liman ba shi nan, cewa uwarshi ta je gun 'yar bori. In kama hannun Maigida in kai shi gona in ce hau, sauko da abin da na yi maka, shekarunka da sunka lalace ga su can rataye. Da wane ido zai dube ni? Zai ƙara ce mani Amarya? In ya tafi ya ƙi dawowa ko ranar mutuwata, ba abin da na guda tun farko ne ya same ni ba?

Jiya da hantsi na iske Hamsa bayan ɗaki ta ƙunsa lalle, ba biki ba, ba sallah ba. Na ce ke lafiya? Ta ce ba komi. Ashe tun da ta ji maganar farar ƙafar nan, kullum sai ta ƙunsa, tana ɗora wani bisa wani, har fatar ta fara tsagewa. Ta kwance tsumman, ta wanke, ta miƙo mani tafin ƙafarta baƙi ƙirin, ta ce: "Kaka, ke ba ki ƙarya. Duba mani don Allah. Har yanzu da sauran farin?"

Na ce mata bari in ɗauko tabarau, na shige ɗaki, ban fito ba sai da na ji ta tafi rijiya.

Yaron ya riga ya yanki tikiti. Ɗana ba shi warware rantsuwa. Ku gaya mani, in tara su duka in faɗa a zaure, ko in ja Maigida gefe shi kaɗai in bar shi ya yi yadda ya ga dama da ni? Ko akwai wata hanya da zan tsare auren yarinyar nan ba tare da na rasa jikana ba? 'Ya'yana, ni da ke ba mutane shawara, yau ta ƙare mani. Mi zan yi?